Gambo Sawaba: Rayuwarta da Ra'ayinta Bisa ga Kalmomin Zamaninta

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana wa malamai, musamman waɗanda ke koyarwa a kwalejojin horon malamai, ko wace ce Hajiya Gambo Sawaba, da abin da ta tsaya a kai, da dalilin da ya sa aka ɗaure ta, aka kuma kore ta daga birnin Kano. Aikina nazarin harshe ne, saboda haka hanyar da zan bi ita ce in ɗauki kalmomi biyar waɗanda suka kewaye rayuwarta, watau sawaba, da talaka, da kulle, da karuwa, da kora, in duba abin da kowace ke nufi a bakin mutanen wancan zamani. Abokan gabarta sun sha cewa ra'ayin jam'iyyarta baƙon abu ne, an kwaso shi daga Kudu ko daga ƙasashen waje. Abin da na ke so in nuna shi ne, makaman da ta yi faɗa da su, da waɗanda aka yaƙe ta da su, duk a cikin Hausa aka ƙera su, kuma wanda bai san nauyinsu ba ba zai gane labarinta ba.

1. Asalinta

An haife ta a ran 15 ga Fabrairu, 1933, ta kuma tashi a Zariya. Sunanta na yanka Hajaratu. An kira ta Gambo domin ta biyo tagwaye, kamar yadda al'adar Hausawa ta ke. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne, wadda a ke kira Gwalkwas a lokacin, safiyo ne da ya zo aikin reluwe, ya musulunta, ya zauna. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce daga ƙasar Bida. Ta fara karatu a makarantar En'e ta Tudun Wada, amma da mahaifinta ya rasu cikin 1943 sai karatun ya tsaya. Bayan shekara uku mahaifiyarta ma ta rasu. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja wanda ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Tana da ciki ya tafi, bai komo ba.

To, mai karatu ya riƙe wannan. Kafin ta cika shekara 17 ta ɗanɗani maraici, da yankewar karatu, da auren ƙuruciya, da zaman macen da miji ya yi watsi da ita. Abubuwan da ta yi ta magana a kansu daga baya, watau ilmin 'ya'ya mata, da hana aurar da yarinya tun ba ta isa ba, da aikin tilas, da nauyin haraji, a jikinta da jikin maƙwabtanta ta fara karanta su.

2. Sawaba

A ran 8 ga Agusta, 1950, waɗansu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Da Hausa a kan kira ta Jam'iyyar Neman Sawaba. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta cikin 1953. Gambo ta shiga reshenta na Zariya tun tana da shekara 17, a lokacin da maza da yawa ke ɓoye katinsu don tsoron En'e. An ba da labari cewa a wani taro ta hau dandamali ta yi magana sa'ad da maza suka noƙe. Daga baya aka zaɓe ta shugabar mata ta jam'iyyar, kuma Malam Aminu ne ya laƙaba mata sunan da ya bi ta har kabari.

Kalmar sawaba daga Larabci Hausa ta aro ta. A can tana nufin abin da ya ke daidai, watau kishiyar kuskure. Da ta shigo bakin Bahaushe sai ma'anarta ta karkata zuwa ga sauƙi bayan wuya. A kan ce majinyaci ya sami sawaba, ko a ce kayan masarufi sun yi sawaba a kasuwa. Saboda haka sa'ad da ɗan NEPU ya ɗaga murya ya ce "Sawaba!", malami ya kan ji ana kiran gaskiya, manomin da haraji ya dame shi kuwa ya ji ana kiran ranar da za a sauke masa kaya. Kalma ɗaya ta isar da saƙo biyu. Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, wadda sarakuna ke goyon bayanta, ita ma daga Larabci ta ɗauko nata taken, "Salama". Wanda ya aza kalmomin nan biyu a sikeli ya ga dukan gardamar siyasar Arewa ta wancan zamani: ɓangare ɗaya yana cewa a zauna lafiya yadda a ke, ɗayan yana cewa ba a zauna lafiya ba tukuna, tun da ya ke ana cikin wuya.

Kalmar ba ta tsaya a Nijeriya ba. A Nijar ma jam'iyyar Jibo Bakari, wadda ta nemi a ƙi tayin Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, da sunan Sawaba aka san ta. Za mu komo kan wannan.

3. Talaka

Takardar manufofin NEPU, wadda aka sani da Sanarwar Sawaba, ta ce akwai saɓanin bukata tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa, ta kuma kira wannan saɓani gwagwarmayar aji da aji. Lalle wannan lafazi ya yi kama da na 'yan gurguzun Turai, kuma shi ya sa waɗansu ke ɗaukar NEPU kamar reshen kwaminisanci. Amma sai mu duba kalmar talaka da kyau.

A wurin Karl Mas da mabiyansa, mutumin da a ke magana a kansa shi ne ma'aikacin da ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa, abokin gabarsa kuwa mai masana'anta. Talaka a Hausa yana da ma'ana biyu. Ta farko matalauci. Ta biyu, wadda ita ce ta siyasa, duk mutumin da ba shi da sarauta kuma ba ya cikin gidanta. Attajirin da ke da rumbu goma da shanu ɗari talakan sarki ne, hakimin da bashi ya ci kuwa ba a kiransa talaka. Shi ya sa aka sami 'yan kasuwa, da teloli, da mahauta, da malaman allo cikin NEPU. Kukansu a kan haraji da jangali ne, da aikin tilas, da gaisuwar da a ke kai wa masu sarauta, da kotun alƙali wadda ke ƙarƙashin ikon En'e. Ba su nemi a ƙwace gonar kowa ba, ba su kuma yi jayayya da addini ba. Malam Aminu da Malam Sa'adu Zungur malamai ne 'ya'yan malamai, kuma hujjarsu mafi ƙarfi ita ce littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na Abdullahin Gwandu a kan zaluncin masu mulki.

Abin da Gambo ta ƙara a kan wannan shi ne, ta lura cewa in an ce talakawa maza a ke nufi. Namiji ke biyan haraji, sunansa ke cikin littafin mai unguwa, shi a ke kira wurin zaɓe. Mace ba ta cikin lissafin sarki, ba ta kuma cikin lissafin masu yi wa sarki gardama. Aikinta duka shi ne ta shigar da mata cikin ma'anar kalmar.

4. Kulle

Don mu san irin matan da ta je nema, muna da shaida daga ƙasarmu ta yammacin Kano. Baba ta Karo, wadda ta tashi a wani ƙauye kusa da Zarewa, cikin ƙasar Rogo ta yau, ta ba Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta cikin 1949 da 1950, aka buga shi littafi cikin 1954. Watau tsohuwar na ba da labarinta a ƙasar Zazzau daidai lokacin da yarinyar ke shirin shiga siyasa a Zariya. A littafin mun ga yadda a ke aurar da 'yan mata suna da shekara 13 ko 14, da yadda mace ke fita daga aure ta shiga wani, da yadda matan aure ke sana'a a cikin gida, yara na yi musu talla. Masana da suka yi nazarin wannan zamani sun nuna wani abu da ya kamata malamai su sani. Kulle ya ƙara yaɗuwa cikin ƙauyuka bayan da aka hana bauta, domin a da bayi mata ke noma da ɗauko itace, saboda haka zaman gida ya zama alamar 'ya mace mai 'yanci. Ashe kalma ɗaya na iya zama ɗaukaka a wurin wata, ta zama ɗauri a wurin wata.

Wannan ya bayyana mana wuyar aikin Gambo. Namiji ɗan siyasa ba shi da hanyar isa ga matan kulle, ita kuwa tana iya yin sallama ta shiga har tsakar gida. Cikin 1952 jam'iyya ta tura ta Kano don wannan aiki. Aka kama ta, aka gurfanar da ita gaban alƙali bisa zargin tana fitar da matan kulle daga gidajensu, aka ɗaure ta wata uku. Wannan shi ne farkon ɗaurin da masu tarihinta suka ƙidaya har sau 16. Ta sha bulala, an aske mata kai, 'yan banga sun yi mata dukan da ya bar mata lahani.

Amma fa tarihin ƙasar nan bai rasa abin da zai goyi bayanta ba. Shehu Usmanu, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, ta naɗa jajoji, watau mata masu kai karatu ƙauyuka, almajiransu su ne 'yan taru. Cikin 1956 Malam Isa Wali ya rubuta maƙaloli a jarida a kan matsayin mace a Musulunci, suka ta da ƙura ƙwarai. Shiga gida gida don wayar da kan mata tsohuwar hanya ce. Abin da ya zama sabo shi ne saƙon da Gambo ta ɗauka, watau cewa mace na da bakin magana a kan wanda zai mulke ta.

5. Karuwa

Wannan kalma ba ta da daɗin faɗi, amma tilas a yi maganarta, don ita ce sandar da aka fi dukan matan siyasa da ita. Hausar wancan zamani ta tanadi mazauni kaɗan ga mace baliga. Ko dai budurwa ce, ko matar aure, ko bazawara mai jiran wani auren, ko tsohuwa da ta wuce aure. Wadda ta ke da sauran ƙuruciya, ba ta gidan miji, ba ta gidan iyaye, tana cin gashin kanta, harshe bai ba ta wani suna na mutunci ba. Da karuwa a ke kiranta, ko mene ne sana'arta.

Gaskiya ne cewa jam'iyyun duka biyu sun dogara ga mata masu zaman kansu wajen cika taro da waƙa da dafa abinci, don su ne ke da damar fita, kuma sau da yawa magajiyar gari ita ce ta kan zama shugabar mata ta jam'iyya. Saboda haka ya zama da sauƙi a ce duk macen da aka gani a filin lacca ta zubar da mutuncinta. Mai karatu ya lura da yadda tarkon ya ke. An hana matar aure fita, sa'an nan aka ce ai ba a ga matan kirki na neman ƙuri'a ba. Gambo ta yi aure fiye da sau ɗaya, ta riƙe 'ya'yan mutane da yawa a gidanta, ta ciyar da mabukata, duk da haka ba ta tsira daga wannan baki ba. Ƙarfin halinta shi ne ta ƙi barin tsoron suna ya mai da ita ɗaka.

6. Kora

Bayan ɗaurin farko, cikin 1953, hukumar Kano ta umarce ta ta bar garin, 'yan doka suka raka ta zuwa Zariya. Hausa ta bambanta tsakanin hijira da kora. Hijira tana da daraja, don mai yin ta shi ya zaɓi barin gida saboda aƙidarsa, yana koyi da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda Shehu ya tashi daga Ɗegel zuwa Gudu cikin 1804. Kora kuwa wulaƙanci ce, mai iko ke yi wa wanda ya raina ko wanda ya ke tsoro. Turawa sun yi wa Sarkin Kano Alu, suka kai shi Lakwaja bayan 1903. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi wa Sarki Muhammadu Sanusi, ya koma Azare cikin 1963. Abin lura shi ne, hukuncin da a kan tanada don sarakuna da manyan malamai shi aka zartar a kan yarinya mai shekara 20 wadda ba ta gama firamare ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda aka ɗauki haɗarin aikinta.

Yana da amfani mu gwada ta da waɗansu da suka bar gida saboda ra'ayi irin na 'yan gurguzu. A Nijar an haramta jam'iyyar Sawaba cikin 1959, Jibo Bakari ya yi shekaru yana gudun hijira a Mali da Gana da Gini, kuma da ya komo aka tsare shi. A ƙasar Iran akwai Maryam Firuz, 'yar babban basarake daga zuriyar sarakunan Kajar, wadda ta shiga jam'iyyar kwaminis ta Tude, ta shugabanci ƙungiyar matanta. Bayan da aka kifar da gwamnatin Musaddik cikin 1953 ta ɓuya, sa'an nan ta tsere, ta zauna Jamus ta Gabas. Ta komo cikin 1979 da aka kori Sarkin Iran, sabuwar gwamnati ta kama ta cikin 1983, ta yi shekaru a kurkuku, ta rasu a Tehran cikin 2008.

Matan nan biyu sun yi tarayya wajen neman ilmi da ƙuri'a ga mata, da shan ɗauri saboda haka. Bambancinsu kuwa babba ne. Maryam 'yar sarauta ce mai zurfin karatu, ta ɗauki aƙidar da aka tsara a Turai, jam'iyyarta na duban Mosko, kuma fiye da shekara 20 tana nesa da matan da ta ke magana dominsu. Gambo talaka ce, ba ta taɓa zama 'yar jam'iyyar kwaminis ba, kuma korar da aka yi mata ta mai da ita cikin mutanenta ne. Mafi kusancin da ta yi da waccan duniya shi ne ta hannun Uwargida Funmilayo Ransome-Kuti ta Abekuta, wadda Gambo ta je takanas ta ziyarta don ta ga yadda ta haɗa kan matan kasuwa har Alake ya sauka daga gadonsa na ɗan lokaci cikin 1949. Ita Funmilayo ta ziyarci ƙasar Sin, gwamnati ta ƙi sabunta mata fasfo, aka kuma ba ta lambar zaman lafiya ta Lenin cikin 1970. Abin da Gambo ta ɗauko daga Abekuta dabarar tara mata ce. Maganar da ta faɗa musu ta gida ce.

7. Abin da ya biyo baya

Cikin 1956 ta jagoranci mata zuwa ofishin Firimiya, Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a Kaduna, suna neman a ba matan Arewa ƙuri'a. Ba a ba su ba. A zaɓen tarayya na 1959 matan Gabas da na Yamma sun jefa ƙuri'a, na Arewa suna gida. Shi Sardauna ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa na 1962 cewa abin ya saɓa wa al'adar yawancin mazan jihar, kuma ba ya son ya zama shi ne mai kawo shi. Matan Iran sun sami ƙuri'a cikin 1963. Na Arewacin Nijeriya sai cikin 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, ƙarƙashin mulkin soja, sa'an nan suka shiga babban zaɓe na 1979. A jamhuriya ta biyu Gambo ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim. Ta rasu a watan Oktoba, 2001. An sa sunanta ga babban asibiti a Zariya, da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano.

Kakata ta wajen uwa, a garinmu Yola ta ƙasar Karaye da Rogo, ta taɓa gaya mini cewa ranar da ta fara jefa ƙuri'a, cikin 1979, babbar 'yarta har ta yi aure. Na ce, "Kaka, kin san Gambo Sawaba?" Ta ce, "Kai, maigidana, na dai ji sunan a bakin maza, kuma ba da alheri su ke ambatonsa ba." Ta ci amfanin gonar, ba ta san wadda ta yi sharar ba, abin da ya iso kunnenta zagin ne kurum.

Saboda haka ina ba malamai 'yan'uwana shawara biyu. Ta farko, in za a koyar da labarinta kada a tsaya ga ƙidaya ɗauri. A sa ɗalibai su tambayi tsofaffin garinsu abin da sawaba da salama ke nufi a da, da sunan da a ke kiran macen da ta je lacca, su rubuta amsoshin da Hausar da aka faɗe su, don masu wannan sani suna ƙarewa. Ta biyu, a nuna wa ɗalibai mata cewa neman ilmi da bakin magana ba abin aro ba ne a ƙasar Hausa, yana da salsala tun daga jajojin Nana Asma'u. Har yanzu a ƙauyukanmu akwai yarinyar da a ke cirewa daga aji don a kai ta ɗaki tana da shekarun da aka kai Gambo, kuma malaminta ne mutum na farko da zai iya zama da mahaifinta ya yi masa magana da harshen da ya sani.

Iyakar abin da na yi nufin bayyanawa ke nan. Allah ya ji ƙan Hajiya Gambo, ya gafarta mata, amin.